Yadda Ake Tantance Gyara a Manhajar Linux

Linux manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a shekarar 1991, kuma ya bar ta a buɗe: kowa yana iya karanta rubutunta, ya kawo gyara. Irin wannan gyara ana ce masa faci, kamar dai facin taya.

Da farko yawancin faci ta hannun Torvalds yake bi. Da masu gyara suka yi yawa, sai aikin ya fi ƙarfinsa. A shekarar 2002 mutane suka yi ta gunaguni cewa facinsu yana ɓacewa ba tare da amsa ba. Wanda aka yi wa haka sau biyu ko uku, da wuya ya sake kawo wani.

Saboda haka aka ƙara dogara ga masu kula da sassa. Mai kula da sashe shi ke karanta faci, ya karɓa ko ya mayar. Ana so kowane faci ya gyara abu ɗaya tak, tare da bayanin dalili, domin dogon faci ba ya samun mai karanta shi da kyau. Tun 2004 marubuci da duk wanda ya miƙa facin gaba sai sun sa sunansu a ƙasa. A 2005 Torvalds ya rubuta Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara.

Yanzu ana karɓar sababbin abubuwa na mako 2, sannan a shafe wajen mako 7 ana gwaji da gyaran kurakurai kawai.