Yadda Ake Yi wa Tankin Kifi Murfi Domin Bazara

A unguwar Bolewa ta garin Potiskum, a Jihar Yobe, bazara takan yi tsanani daga watan Maris zuwa Mayu. Da tsakar rana, zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Idan kana kiwon tarwaɗa ko karfasa a tanki a tsakar gida, wannan ne lokacin da za ka iya yin asarar kifinka.

Ga dalili. Waɗannan kifaye sun fi jin daɗin ruwan da ɗuminsa bai wuce digiri 30 ba. Idan ruwa ya yi zafi, iskar da ke cikinsa, wadda kifi yake shaƙa, takan ragu. Daga nan sai kifin ya daina cin abinci, ya galabaita. Murfi yana hana rana dukan ruwa. Yana kuma tare tsuntsaye da kyanwa, ya hana tarwaɗa tsalle waje.

Amma ba kowane murfi ne ya dace ba. Kada ka rufe tanki da kwano ko leda ko gilashi, domin suna tare iska, su riƙe zafi. Ka tuna da randa: ruwanta yana sanyi ne saboda tana tsattsafo, iska kuma tana busar ta. Haka ma saman ruwan tanki yake buƙatar iska.

Ka tanadi katako huɗu, da raga, da zana, da ƙusoshi, da igiya, da sanduna huɗu. Da farko, auna tsawon bakin tankin da faɗinsa. Yanke katakon daidai da awon, ka haɗa shi da ƙusa ya zama mai kusurwa huɗu. Sannan ka shimfiɗa ragar a kai, ka ja ta sosai, ka kafe ta. Ɗora wannan a bakin tankin, ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin ruwa da raga, domin tarwaɗa takan taso ta shaƙi iska. Daga ƙarshe, kafa sandunan a gefen tankin, ka ɗaura zanar a kansu kamar rumfa, kamu biyu sama da ragar.

Ka kiyayi abu ɗaya: kada ka yi amfani da gidan sauro mai magani a maimakon raga. Maganin da ke jikinsa yana kashe kifi.

Bayan ka gama, ka riƙa ba kifin abinci da safe da yamma, ka kuma cike ruwan da ya ragu. Rigakafi, in ji Bahaushe, ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya sa ruwa mai zafi yake cutar da kifi?
2. Don me ba a rufe tanki da kwano?
3. Mene ne amfanin tazarar da ake bari tsakanin ruwa da raga?