Kifin da Ke Haihuwa a Ɓoye

Tambayi kowane masunci yadda kifi ke hayayyafa, zai ce maka ƙwai yake zubawa. Ya faɗi abin da ya gani: tarwaɗa na zuba ƙwai, karfasa ma takan ɓoye nata a baki har su ƙyanƙyashe. To, amma a tekuna masu ɗumi, inda ruwa bai yi zurfi ba, akwai wani ɗan kifi da ke ɗaukar ciki ya haihu.

Turawa na kiran dangin nasa burotula. Yawancinsu ba su kai santimita 10 ba, wato kamar yatsan babban mutum. Jikinsa santsi, idanu ƙanana, launinsa rawaya ko ja ko ruwan ƙasa. Can cikin ramukan duwatsun murjani yake zaune, ba ya son haske. Wani likita ɗan Holan, Pieter Bleeker, ya bayyana jinsi guda daga tekun Indonesiya a 1855, aka kuma bayyana wani a Key West ta Amurka a 1898.

Abin mamaki yana jikin namijin. Yana da gaɓar barbara a ƙarƙashin ciki, da wasu 'yan ƙasusuwa a gefenta. Ƙwan yana haɗuwa da maniyyi a cikin macen, 'ya'yan su girma a can, sai ta haife su da ransu suna iyo. Kifayen nan sun yi kama da juna sosai, har sai da masana suka koma duba siffar waɗannan ƙasusuwa kafin su bambance su. Da aka yi haka a shekarun 2000, abin da ake ɗauka jinsi ɗaya ne sai ga shi ya rabu gida-gida.

Ta yaya ake kama kifin da ba ya leƙo waje? Masu bincike kan zuba rotinon a ruwa, sinadari irin na ganyen magimfa da masuntanmu suka sani. Kifin ya galabaita, ya fito. Ni dai ban ga kyawun dabarar ba, don ba ta tsaya kan kifin da ake nema kaɗai.

Wata barazana gare shi kuwa ita ce ɗumamar teku da ke kashe murjani. Dutsen ya ruguje, ramin ya tafi, mai ramin kuma ya rasa gidansa.