Makaɗan bori a Adar: gadon da ke neman magada

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan yankin Tawa, kamar Barmu, Kalfu ko Bagga, bayan an kammala girbin hatsi, mai yiwuwa ne ya ji kukan goge yana ratsa dare, ƙwarya tana amsa masa. Baƙo sai ya zaci biki ne kurum. Mutanen gari kuwa sun san wasan bori ne, sun kuma san waƙar nan ba ɗan Adam kaɗai ake yi wa ba.

A wurin ƴan bori, waƙa kira ce. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa: na Doguwa dabam, na Kure dabam, haka na Sarkin Rafi, na Ɗan Galadima da na Malam Alhaji. Idan makaɗi ya kama taken iska, ya zuba masa kirari, ya ambaci asalinsa da halayensa, sai a ce iskan ya zo ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, wato namiji ko macen da yake sauka a kansu. Daga nan masu lalura su matso, su faɗi damuwarsu, su saurari magani. In an gama, atishawa ce alamar sauka.

Saboda haka aikin makaɗi ba ƙarami ba ne. Galibi shi iska ba ya hawansa, amma in babu shi taro ba ya tashi. Wajibi ne ya san wane iska ya haifi wane, wa ake fara kira, wa ke biye, domin tsallake babba laifi ne. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Yaro yakan fara da ɗaukar wa ubansa kaya, ya yi shekaru yana kaɗa ƙwarya yana amshi, kafin a danƙa masa goge, wanda ake haɗawa da ƙoƙo da fatar guza da izgar doki. Ita ma mai shiga bori, wadda sau da yawa doguwar jinya ce ke kawo ta, a lokacin girka take koyon jin taken iskokinta, kuma wannan hulɗa ba ta yankewa har ƙarshen rayuwa.

Waƙoƙin nan rumbun tarihi ne. A 1925, ƙarƙashin mulkin mallaka, iskokin Babule suka ɓullo a Kurfai, masu kwaikwayon sojan Faransa da kwamandojinsu, kuma su ma makaɗa suka yi musu take. Nicole Echard, Bafaransa mai binciken al'adu da ta daɗe tana aiki a Adar, ta wallafa littafi a kan borin Adar da Kurfai a 1989.

To, amma yau ina magadan? Farin 1973 da na 1984 sun warwatsa gidaje da dama. Samarin Adar sun saba da tafiya cirani Abijan da sauran biranen gaɓar teku, kuma wanda ya bar gida yana ɗan shekara 15 ba zai zauna gaban tsoho ya haddace kirari ba. Ga kuma wa'azin malamai, waɗanda ke ɗaukar bori shirka ne, musamman tun da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yaɗu cikin Nijar. Wasan da a da ake yi a dandali ya ja da baya a wurare da yawa.

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. A Amurka, gwamnati ta haramta wa ƴan asalin ƙasar, ciki har da al'ummar Lakota, bukukuwan addininsu a 1883, kuma sai a 1978 aka kafa dokar kare musu ƴancin ibada. Amma tun daga 1911 Frances Densmore ta ɗauki muryoyin mawaƙansu a Standing Rock, ta buga littafi a 1918. Da haka, da kuma abin da tsofaffi suka riƙe a ɓoye, jikoki suka tarar da abin koyo.

Ba aikin wannan shafi ba ne ya ce wa kowa ga abin da zai yi imani da shi. Sai dai ko wanda bai taɓa zuwa wasa ba zai yarda cewa a cikin kirarin nan akwai tsohuwar Hausa, da sunayen itatuwa, da labarin zaman Hausawa da Fulani da Buzaye. Muna da cibiyoyin da aka kafa don irin wannan aiki a Yamai, kamar IRSH da CELHTO. Ya kamata su isa Adar da na'urorinsu, su nemi izinin makaɗa, su biya su haƙƙinsu, su bar abin da masu shi suka ce asiri ne. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma yawancin masu gogen nan furfura ta riga ta rufe su.