Komawa Koriya da iyali: tafiyar da ake fara shiryawa da dosiye kafin tikitin jirgi

A watan Maris na 2013 Fleur Pellerin ta sauka birnin Seoul a matsayin ministar gwamnatin Faransa. A wannan birni aka haife ta a 1973, kuma tana da wata shida a duniya aka ɗauke ta zuwa Faransa, inda wasu ma'aurata suka riƙe ta. Kusan shekara 40 ke nan rabonta da ƙasar. Jaridun Koriya ta Kudu sun yi ta ɗokin zuwanta kamar ƴar gida ce ta dawo, alhali ita ko yaren ba ta ji.

Minista dai ba ta rasa masu tarba da tafinta. Dubban takwarorinta kuwa da kansu suke shirya tasu tafiyar, kuma da yawa ba sa yunƙurawa sai sun yi aure sun haihu, yara sun fara tambayar me ya sa ba su yi kama da kakanninsu ba.

Tun bayan yaƙin Koriya da aka tsagaita a 1953, an ƙiyasta yara kusan 200,000 ne aka fitar daga ƙasar zuwa hannun iyayen riƙo a waje. Fiye da rabinsu Amurka aka kai su, Faransa ta karɓi sama da 11,000, saura suka watsu a ƙasashe irin su Suwidin, Danmak, Norwe da Beljiyam. Abin ya kai ƙololuwa a 1985, shekarar da aka fitar da yara sama da 8,800. Waɗannan jarirai yanzu magidanta ne.

Sai dai kada kalmar riƙo ta ruɗe mu. A wajenmu yaron da gwaggo ko kawu ya riƙa ya san gidan ubansa, yana zuwa yawon sallah. A can kuwa yanke igiyar ake yi gaba ɗaya: sabon suna, sabuwar takardar haihuwa, sabon harshe. Abin da ya rage tsakanin mutum da asalinsa shi ne dosiyen da wata hukumar riƙo ta ajiye a Seoul.

Saboda haka masu ƙwarewa a irin wannan tafiya kan ce a fara da dosiye, watanni kafin a nemi jirgi. Tun ranar 19 ga watan Yuli na 2025 gwamnati ta karɓe harkar riƙo daga hannun hukumomi masu zaman kansu, kuma neman bayanai ya koma ƙarƙashin cibiyar ƙasa mai kula da haƙƙin yara, NCRC. Ana tura buƙata tun daga ƙasar da mutum yake zaune. To amma doka ba ta yarda a ba shi suna ko adireshin mahaifiyarsa ba sai da amincewarta. Cibiyar ce ke rubuta mata wasiƙa, a zauna jira. Wata ta amsa, wata ta yi shiru, domin mata da yawa sun haihu ne ba tare da aure ba a zamanin da hakan ke zama abin kunya ga dangi gaba ɗaya, sun yi aure daga baya, kuma miji da ƴaƴa ba su san da labarin ba. Wanda ya sayi tikitin mako biyu yana sa ran amsa za ta iso cikin waɗannan kwanaki, yawanci hannu rabbana zai koma.

Ko dosiyen ma ba duk abin da ke ciki ne abin dogaro ba. Ranar 26 ga watan Maris na 2025, hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta bayyana sakamakon binciken da ta yi kan ƙorafe-ƙorafe 367, inda ta tabbatar da take haƙƙi a 56 daga ciki. Ta gano an rubuta yara a matsayin tsintattu ko marayu alhali iyayensu na raye, an kuma tura wasu da takardun wani yaron daban. A farkon watan Oktoba na shekarar shugaba Lee Jae-myung ya nemi gafara da sunan ƙasa. Ma'anar wannan ga mai shirin tafiya a fili take: garin da takarda ta ce an tsince shi, wanda ya yi alkawarin kai ƴaƴansa su gani, mai yiwuwa ba can aka haife shi ba. Dalilin da ya sa da yawa ke haɗawa da gwajin DNA ke nan. Tun 2020 waɗanda babu bayanin iyayensu a rubuce na iya ba da samfurinsu a ofishin jakadancin Koriya da ke ƙasar da suke, ƴan sanda su gwada shi da na iyalan da suka kai rahoton ɓatan yaro.

Sai takardun tafiya. Mai fasfon Faransa ko na Amurka yana shiga yawon buɗe ido na kwana 90 ba tare da biza ba, wannan ba shi da wuya. Wanda ke son ya daɗe, akwai bizar F-4 ta ƴan asalin Koriya mazauna waje, kuma tun 2011 doka ta ba ƴan riƙo damar maido da shaidar zama ƴan ƙasa ba tare da sun saki ta ƙasar da ta raine su ba. A nan ne mai ɗa namiji ya kamata ya yi tambaya tun da wuri. Aikin soja dole ne a Koriya ta Kudu, wata 18 a rundunar ƙasa, kuma yaron da aka haifa lokacin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke riƙe da shaidar zama ɗan ƙasa, shi ma doka ɗan Koriya take ɗaukarsa. Idan zai saki wannan shaidar, wa'adinsa ƙarshen watan Maris ne na shekarar da zai cika 18.

A Amurka kuma akwai wani ramin. Wasu iyayen riƙo ba su taɓa kammala wa yaran takardun zama ƴan ƙasa ba, kuma dokar 2000 da ta gyara matsalar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kai shekara 18 ba. Akwai waɗanda sai da suka je neman fasfo suka gane ba Amurkawa ba ne a takarda.

Batun lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi, Agusta kuma zafi da gumi, kuma abin takaicin nan ne babban hutun makarantun Turai ya faɗo. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi daɗi. A kiyayi bikin Chuseok, wanda ke zuwa cikin Satumba ko farkon Oktoba: kowa ya tafi ƙauyensu, ofisoshi a rufe, tikitin jirgin ƙasa na KTX ya ƙare tun da wuri. Daga Paris zuwa filin jirgin Incheon tafiyar kusan awa 12 ce, ga bambancin lokaci na awa bakwai ko takwas, don haka ba a sa ganawa mai nauyi a washegarin sauka, balle da ƙananan yara.

Abin da ya fi wahalar yankewa shi ne wa za a tafi da shi. A ganina kuskure ne a cusa tafiya biyu cikin ɗaya ba tare da an raba kwanaki ba. Yara fadar Gyeongbokgung suke son gani, da kasuwa, da bakin teku a Busan. Mai tafiyar kuwa akwai ranar da zai zauna a wani ɗan ofis ana karanta masa takarda game da ranar da aka bar shi, kuma ba lalle ya so ɗansa ɗan shekara takwas ya ga fuskarsa a wannan lokaci ba. Ana buƙatar babba na biyu da zai fita da yaran. Idan iyayen riƙo sun tsufa kuma suna son zuwa, sai a yi maganar tun a gida, domin wasunsu na ɗaukar neman mahaifiya kamar butulci ne. Fim ɗin "Retour à Séoul" na Davy Chou, wanda ya fito a 2022, ya nuna yadda irin wannan ganawa ke iya dagulewa ko da kowa da kyakkyawar niyya ya zo.

Tafinta ma ba wurin rowa ba ne. Manhajar waya na iya sayen abinci, amma ba ta iya ɗaukar maganar tsohuwar da ke kuka tana bayani da karin harshen ƙauyensu. Ƙungiyar G.O.A.'L, wadda ƴan riƙo da kansu suka kafa a Seoul a 1998, na taimakawa wajen bincike da samun tafinta. Yara kuma ana iya koya masu haruffan Hangul 24 cikin ƴan kwanaki, da cire takalmi a ƙofar gida, da miƙa wa babba abu da hannu biyu. Ga dangin da ba su da harshe ɗaya da jikokinsu, waɗannan ƙananan abubuwa ne gaisuwar.

Masu jira sai yara sun ƙara girma ko kuɗi sun ƙara taruwa na da hujjarsu, tafiyar iyali mutum huɗu zuwa Seoul ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Sai dai buƙatar dosiye ba ta cin tikiti, kuma ana iya tura ta yau. Matar da ta haihu tana da shekara 20 a 1973, shekarar da aka haifi Fleur Pellerin, yanzu ta haura 70.