Fili Ba Rago Ba Ne

A Dakoro, duk wanda ya ɗan samu rara shawara ɗaya ake ba shi: sayi fili, ƙasa ba ta ruɓewa. Gaskiya ne, gara ba ta cin ta, ɓarawo ba ya saɓa ta a kafaɗa. Abin da ke damuna shi ne, mutum zai yi wuni guda yana zagaya jaki kafin ya biya, ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa yaro ya hau a ga ko yana ɗingishi. Shi ɗin dai kuma zai zuba miliyoyin sefa don dillali ya miƙa hannu ya ce, "Alhaji, daga waccan aduwa zuwa wancan kalgo."

To, haƙoran fili takardunsa ne. Tun da Nijar ta kafa dokar filayen karkara a 1993, akwai hukumomin da ake kira Kofo, daga ƙauye har gunduma, masu rubuta shaidar saye da gado da jingina. In cikin gari ne, a je ofishin magajin gari a ga ko wurin yankakke ne. Gonar gado kuwa akushin tuwon gida ce, wanda ya miƙo maka ba shi kaɗai ke da hannu a ciki ba. Ƙane yana Libiya, ƙanwa tana aure a Kornaka, ran da suka dawo kowa zai nemi lomarsa. Sai kuma arewa, wajen kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta bar sauran ga makiyaya. Wanda ya sayar maka da burtali ko makiyaya, rijiyar gari ya sayar maka. Kowa da gugansa zai zo.

Mace ba ta ɗaukar tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta ji amo. Fili kuwa damina ce ke ƙwanƙwasa shi. Wani abokina ya sayi nasa da rani, rairayi fes kamar an share. A watan Agusta muka je, kwaɗi na ta kuka daidai inda ya yi niyyar kafa ɗakin uwargida, ruwa har ƙauri. Daminar 2024 ta rusa dubban gidajen laka a jihar Maradi, ta kuma tuna mana cewa ruwa ba ya mance hanyarsa.

Babban abin dai shi ne, fili ba rago ba ne. Yaro ya kwanta rashin lafiya, ka ja rago zuwa kasuwar Sakabal, kafin la'asar kuɗi na aljihu. Fili fa? Ba igiyar da za ka ɗaura masa. Kuma matsi ba ya zuwa wa mutum shi kaɗai. Waɗanda suka ga yunwar 2005 sun san yadda hatsi ya yi tsada, dabba ta faɗi, kowa na neman sayarwa ba mai saye. Haka da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga naira ta karye, fataken dabbobi suka ji a jika. A irin wannan rana mai fili yana zaune a kan dukiya yana neman rancen tiya guda ta gero, in ya matsa sai ya sayar a wulaƙance.

Haya ma nonon saniya ce, akwai watannin da take ƙafewa. A canza wa malamin makarantar da ke haya wurin aiki, ɗaki ya zauna fanko, rufi kuma na neman gyara. Gini kuwa dahuwar wake ne, itace yake ci. Kangayen da ke bakin gari, bulo ya kai taga ciyawa ta fito a ciki, duk tukwane ne da itace ya ƙare musu ana tsakiyar dahuwa.

Manomin kirki ba ya kwashe rumbu kaf ya shuka, yana barin na ci har kaka. Abokin nan nawa, da ya tashi sayen fili na biyu, sai da ya jira ruwa ya sauka ya taka wurin da ƙafarsa, ya tara magada gaban mai gari aka rubuta, tumakinsa biyar kuma ya bar su a turke.