Ƙofofin Ƙarya a Gidan Hammond-Harwood

A wannan maƙala za mu duba gidan Hammond-Harwood da ke Annapolis a Amurka, gidan jan bulo wanda William Buckland ya tsara a 1774. Salonsa na zamanin sarakunan Ingila masu suna Joj ne, inda ƙa'ida ita ce dama ta yi daidai da hagu. Daga waje an cika ƙa'idar: babban gini a tsakiya, da sashe guda a kowane gefe. A ciki kuwa ɗakunan ba su daidaita ba, sai aka kafa ƙofofin da babu komai bayansu face bango, don ido ya gamsu. A ganinmu, manazarcin da ya ƙirga ɗakuna da yawan ƙofofi zai yi kuskure, sai dai ya auna da kansa.