Ƙwan Kunkuru Ba Ƙwan Kaza Ba Ne

Wanda ya saba da injin ƙyanƙyasar kaji ya haddace ƙa'idarsa: zafi digiri 37 da rabi, a riƙa juya ƙwai kullum, kwana 21 'yan tsaki su fito. To wannan sabon ne ke fara hallaka ƙwan kunkuru da na maciji da na ƙadangare. Zafin da kaza ke so dafa su yake yi, domin yawancinsu tsakanin digiri 26 da 32 suke buƙata. Juyawa kuwa ta fi muni. Jim kaɗan bayan an saka ƙwan, ɗan tayin yana mannewa a saman ɓawon ta ciki, in aka kifa shi gwaiduwa ta danne shi, shi ke nan ya zama baragurbi. Shi ya sa masu kiwo ke sa alama da fensir a saman kowane ƙwai kafin su ɗaga shi.

Haɗa akwatin ƙyanƙyasar irin waɗannan ƙwayaye ba wani abin tashin hankali ba ne. A samu kular ajiye ruwan sanyi mai kauri, a shimfiɗa wayar ɗumama a ƙasanta, a jona ta da tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka saita. A jera gorunan ruwa a rufe a ciki, saboda ruwa na riƙe ɗumi, ko an ɗauke wuta zafin ba zai faɗi farat ɗaya ba. Ƙaramar fankar kwamfuta za ta gauraya iskar. Su kuma ƙwayayen a binne su rabi cikin bamikulait, wato wani garin ma'adini mai riƙe danshi, a wata roba mai murfi. Ga ƙwai masu laushin ɓawo irin na maciji, ana haɗa bamikulait da ruwa nauyi ɗaya. In ka damƙa ya dunƙule, amma kada ya ɗiga.

A ganina aikin gaske yana wajen gwaji, kuma nan ne mutane ke gaggawa. A kunna akwatin babu ƙwai ko ɗaya, a bar shi kwanaki, mako guda ma bai yi yawa ba. Ma'aunin zafi biyu ake so, ba ɗaya ba, don na kasuwa kan yi ƙarya da digiri ɗaya ko biyu. Bakin ma'aunin ya zauna cikin robar ƙwai, ba jikin bangon kula ba. A duba da asuba, a duba da azahar, a rubuta. Sannan a cire filogi da gangan a ga awa nawa ɗumin zai jure. A ƙasashen sanyi damuwarsu ɗumamawa ce, amma a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, kular da aka ajiye a ɗakin kwano za ta zarce iyaka ko wayar na kashe. Tamostat ba ya sanyayawa. Sai a nemi ɗaki mafi sanyi a gidan.

Me ya sa ake wannan ƙaƙale a kan digiri ɗaya? A 1966 wata masaniya Bafaranshiya, Madeleine Charnier, tana bincike a Dakar kan ƙadangaren nan da muke gani a katanga, wanda namijinsa ke da jan kai, ta gano cewa zafin da ƙwai ya samu yana da hannu wajen fitar namiji ko mace. Daga baya aka tabbatar da haka ga kadoji da kunkuraye da dama. A yawancin kunkuraye zafi mai yawa mata yake bayarwa, sanyi-sanyi kuma maza, mararrabar tana kusa da digiri 29. Ashe mai murɗa tamostat yana zaɓen jinsi bai sani ba.

Sai haƙuri. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa ta Gana da Togo da Benin kan ɗauki kwana 55 zuwa 60 a digiri 31 zuwa 32. Babban kunkurun Sahel yakan haura wata uku, kuma shi yana cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, don haka kwasar ƙwansa a daji ba abin yi ba ne. Bayan 'yan makonni ana iya haska ƙwai da tocila cikin duhu, ba tare da juya shi ba. Mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi. In ɗan ya huda ɓawo ya tsaya, kada a jawo shi, yana shanye sauran gwaiduwarsa ne, wani ma yakan kwana ɗaya ko biyu kafin ya fito.